A ɗaure sigar laburare ko a bar ta sake? Muhawara kan abubuwan da firamwok ke dogara da su

Nura: Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar kula da firamwok (tsarin kod da ake gina manhajoji a kansa) na buɗaɗɗen kod, musamman na Python. A ce an kawo shawarar ƙara wani laburare na waje (ƙunshin kod da wasu suka rubuta) cikin jerin abubuwan da dole a girka tare da firamwok ɗin, kuma mai shawarar yana so a rubuta sigarsa da alamar ==, wato wannan sigar kaɗai, domin kada sabuwar siga ta fito ta karya komai. Ni dai ban ga aibin hakan ba. Sigar da aka gwada ita aka sani, me zai sa a buɗe wa wadda ba a gwada ba ƙofa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Malam Nura, maganarka daidai ce in manhaja ake magana, wato shafin da za a ɗora a kan saba ya yi aiki. Amma firamwok ba manhaja ba ne, shi ma laburare ne da wasu za su girka tare da wasu laburaren da ba ka ma san da su ba. A Python siga ɗaya tak ta kowane laburare ke iya zama a muhalli ɗaya. To in firamwok ɗinka ya ce sai 2.4.1, wani laburaren da mai shafin ke buƙata ya ce sai 2.5 zuwa sama, an yi karo ke nan. Tun daga pip 20.3, wanda ya fito a ƙarshen 2020, pip, wato manhajar girka laburaren Python, ba ya rufe ido ya wuce irin wannan karon, tsayawa yake yi ya ce ResolutionImpossible. Mai shafin kuwa ba shi da yadda zai yi sai ya jira ka.

Na biyu ya fi wannan muni. Gobe a gano ɓarakar tsaro a 2.4.1, masu laburaren su fitar da 2.4.2 da faci a ciki. Duk shafin da ke kan firamwok ɗinka ba zai iya ɗaukar facin ba sai ka saki sabuwar siga. Ka mai da kanka shinge tsakanin mutane da maganinsu.

Saboda haka jeri biyu ake riƙewa, kuma kada a haɗa su. Na farko yana cikin pyproject.toml, shi ne alkawarin da ka yi wa jama'a: daga siga kaza zuwa sama muna aiki. Na biyu fayil ɗin kulle ne, mai ɗauke da takamaiman sigar kowane abu, kuma na injin gwajinku ne da masu taya ku aiki kawai. Mai shafi shi ma ya yi nasa kullen a manhajarsa.

Aisha: Malam, na yarda da batun ==, amma “zuwa sama” ɗin nan ba tare da rufi ba shi ne ban yarda da shi ba. A ƙarshen Satumban 2023 laburaren Werkzeug 3.0 ya fito, an cire aikin url_quote daga werkzeug.urls. Firamwok ɗin Flask 2.2.2 yana shigo da wannan aikin, kuma abin da ya rubuta shi ne Werkzeug>=2.2.2 babu iyakar sama. Duk wanda ya sake girka Flask 2.2.2 a ranar sai ya samu Werkzeug 3.0, manhajarsa ta ƙi tashi da ImportError. Da an rubuta <3 da ba a yi wannan ɓarnar ba. Ai dokar lambar siga ta ce idan lambar farko ta canza ana iya karya tsohon tsari. Me ya sa za mu yi alkawari a kan sigar da ba a ma rubuta ta ba?

Malam Sani: Misalinki gaskiya ne, Malama Aisha, amma ki dubi wani daga gida ɗaya. Flask 1.1.4 ya sa rufi a kan abubuwa huɗun da ya dogara da su: Werkzeug ƙasa da 2, Jinja2 ƙasa da 3, itsdangerous ƙasa da 2, click ƙasa da 8. Duk da haka a Fabrairun 2022 ya karye. Dalili, Jinja2 2.11 yana dogara da MarkupSafe ba tare da rufi ba, MarkupSafe 2.1.0 kuma ya cire aikin soft_unicode da Jinja2 ɗin ke shigo da shi. Rufinka yana kama ’ya’ya ne kawai, ba ya kai wa ga jikoki. Ki kuma lura, daga 2.0 zuwa 2.1 aka yi cirewar, lambar farko ba ta motsa ba, don haka ko <3 aka sa wa MarkupSafe bai tsare komai ba.

Sannan ki auna nauyin kuskuren biyu. In babu rufi abu ya karye, mai shafi zai ƙara layi ɗaya a nasa jerin, Werkzeug<3, cikin minti biyu ya tashi. In kuwa akwai rufi alhali sabuwar sigar lafiya lau take aiki, ba shi da layin da zai rubuta ya ɗage rufinki, domin bayanan sigar da aka riga aka ɗora a PyPI, rumbun da pip ke saukowa daga gare shi, ba a gyara su. Akwai ma wani tarkon: idan sabuwar sigar firamwok tana da rufi, tsohuwa ba ta da shi, pip na iya ja da baya yana neman wadda ta dace har ya girka wa mutum tsohuwar, wadda ƙila ba ta samun facin tsaro. Shi bai sani ba, ya ga dai girkawa ta yi nasara.

Waɗanda Werkzeug 3.0 ya kayar, kusan dukansu ba su da fayil ɗin kulle ne. Ciwon yana can.

Aisha: Ban musa ba, amma ba zan ce kada a taɓa sa rufi ba. Firamwok ɗin Django 4.2 kansa ya rubuta asgiref>=3.6.0,<4, ya bar sqlparse>=0.3.1 a buɗe. A ganina wuri uku rufi ya halatta. Idan masu laburaren sun riga sun sanar cewa siga mai zuwa za ta cire abin da kake amfani da shi. Idan kana taɓa kayan cikinsa da ba su yi alkawarin riƙewa ba. Sai kuma idan laburaren yana kan lamba 0 har yanzu, inda kowace ƙaramar siga ke iya sauya fasali. Sharaɗin shi ne wanda ya sa rufi ya ɗauki nauyin ɗage shi cikin kwanaki bayan sabuwar sigar ta fito, ba watanni ba.

Malam Sani: A kan wannan ba mu da saɓani. Rufi da dalili rubutacce a gefensa, ba rufi don tsoro ba.

Usman: Bari in kawo ɓangaren JavaScript, don kada wani ya kwashi hukuncin Python ya kai can. npm, wato takwaran pip a JavaScript, yana iya ajiye siga biyu ko uku na laburare ɗaya a cikin node_modules, kowa da nasa, shi ya sa rufi ba ya jawo karo sosai, kuma shi ya sa alamar ^ ta zama al’ada. ^1.2.3 na nufin daga 1.2.3 zuwa ƙasa da 2.0.0. Amma a kula, ^0.2.3 yana tsayawa ne ƙasa da 0.3.0, mutane da yawa suna kuskure a nan.

Inda karon yake dawowa shi ne abin da dole ya zama ƙwaya ɗaya a manhaja. In kwafin laburaren React biyu suka shiga shafi ɗaya, ayyukansa da ake kira hooks ba sa aiki. Irin wannan a peerDependencies ake sa shi, da faɗin iyaka gwargwadon abin da aka gwada. Kuma package-lock.json ɗinka ba ya bin ƙunshin da ka wallafa, ko ka kulle komai a wajenka, mai girkawa sabon lissafi npm zai yi masa.

Game da amincewa da lambar siga, a Janairun 2022 mai laburaren colors ya saki 1.4.1 da gangan da madauki marar ƙarewa a ciki. Duk mai ^1.4.0 da ba shi da kulle ya kwasa. Lamba alkawarin mutum ce, ba ta fi mai yin ta gaskiya ba.

Malama Rabi: Ku yi haƙuri, kun yi nisa a kan yadda za a rubuta sigar, alhali tambayar farko ba a amsa ta ba: dole ne laburaren ya shiga jerin dole? Django da duk girmansa abubuwa uku ne jerinsa, asgiref da sqlparse, sai tzdata a kan Windows kaɗai. Pillow, laburaren sarrafa hoto, ba ya ciki, duk da filin hoto na Django, ImageField, ba ya aiki sai da shi. In ka yi amfani da filin ba ka girka Pillow ba, binciken farko na Django zai gaya maka ƙarara abin da ya rage. Direban rumbun bayanai ma haka, kai za ka zaɓi naka. argon2 da bcrypt kuma na zaɓi ne, mai so ya nema. Wannan shi ne tsarin da ya kamata a kwaikwaya: abin da kowane shafi ke buƙata ya shiga jerin dole, abin da wasu kaɗai ke buƙata ya koma optional-dependencies, a shigo da shi a cikin aikin da ke buƙatarsa, in babu shi a ba da saƙo mai faɗin sunan abin da za a girka.

Ƙanena Nura, kafin a karɓi shawarar ga abin da za ka yi. Buɗe sabon muhalli fanko, girka laburaren shi kaɗai, ka ƙirga abin da ya jawo da pipdeptree. In abu ɗaya ya jawo goma sha biyar, goma sha shida kuke ɗauka, kowanne da masu kula da shi da asusunsu da za a iya sacewa. Duba ko yana da kod na C ko Rust a ciki. In yana da shi, akwai wheel, wato ƙunshin da aka riga aka harhaɗa, na Linux da macOS da Windows, da na ARM, da na musl da Alpine ke amfani da shi? Inda babu, pip zai nemi harhaɗa kod ɗin a kwamfutar mai girkawa, ya faɗi in babu kayan harhaɗawa, kuma wajenku za a kawo ƙara. Duba sigogin Python da yake goyon baya, domin in ya yar da wadda ku kuka yi alkawarin riƙewa shekara uku, kun shiga tsaka mai wuya. Duba mutum nawa ke da ikon sakin siga, da ko akwai hanyar kai rahoton ɓaraka a asirce.

Sai lasisi, kuma ba abin da aka rubuta a shafin farko kaɗai ba. A Maris 2021 aka gano cewa mimemagic, wanda firamwok ɗin Rails ke dogara da shi ta hanyar laburaren Marcel, yana ɗauke da fayil ɗin bayanai na shared-mime-info mai lasisin GPL, alhali shi yana cewa MIT ne. Aka janye tsofaffin sigoginsa, girka Rails ya tsaya cak ga duk wanda kullensa ke nuna su, sai da Rails ya fitar da 5.2.5 da 6.0.3.6 da 6.1.3.1 da sabon Marcel wanda ba ya buƙatarsa. Fayil ɗin bayanai ne fa, ba kod ba.

In duk ya tsallake, a killace shi. Fayil ɗaya a cikin firamwok ya riƙa shigo da shi, sauran su bi ta nan, kuma kada nau’o’insa ko kurakuransa su fito fili ga masu amfani. Ranar da kuka bari masu shafuka suka fara kama kuskuren laburaren da sunansa, ya zama ɓangaren alkawarinku.

Nura: Na gode, Yaya Rabi. To in aikin da ake so bai fi layi hamsin ba fa? Ba gara a kwafo kod ɗin a ajiye a cikin firamwok ba?

Malam Garba: In layi hamsin ne kuma ba na tsaro ba, ku rubuta naku, ko ku kwafo tare da lasisinsa. left-pad layi 11 ne, janye shi daga npm a Maris 2016 ya tsayar da girka Babel da ɗimbin ayyukan da ke kansa. Amma ɓoye kalmar sirri, tace HTML, fassara kukis, sa hannu a kan tikitin shiga, waɗannan ko layi goma ne kada ku rubuta da kanku.

Kwafo laburare sukutum kuwa yana da wurinsa. pip yana yi, a pip/_vendor, domin ba zai yiwu mai girkawa ya buƙaci a girka masa wani abu kafin ya tashi ba. Django yana ajiye jQuery da Select2 a cikin fayilolin shafin gudanarwarsa. Wannan ya fi a jawo su daga adireshin wani, kamar yadda polyfill.io ya nuna a Yunin 2024, bayan adireshin ya koma hannun wasu suka fara tura mugun kod zuwa burauzar maziyarta shafuka. Sai dai kwafi yana da tsada. pip-audit da ire-irensa masu neman ɓarakar tsaro jerin abin da aka girka suke dubawa, ba sa ganin abin da ke kwance a cikin kod ɗinku. Lokacin ɓarakar Log4j a Disamban 2021, babban aikin da ya sha wa mutane kai shi ne gano inda kwafinsa ya ɓuya a cikin wasu fayilolin jar. Masu haɗa Debian da Fedora kuma ba sa son kwafi, sukan zare shi su maye da nasu, sai ka samu haɗin da ba wanda ya gwada. requests ya daɗe yana ɗauke da urllib3 a cikinsa, a 2017 ya daina.

In dole ne, ƙa’ida huɗu: fayil mai faɗin suna da siga da inda aka samo, lasisin a gefensa, kada a taɓa kod ɗin da hannu sai ta fayil ɗin faci da ke ajiye daban, sannan umarni ɗaya da zai sake sauko da shi. Ba tare da waɗannan ba, bayan shekara biyu ba mai iya cewa wace siga ce a ciki.

Aisha: Mu koma kan iyakar ƙasa, domin ita ce aka fi yin ƙarya a kanta ba da niyya ba. An rubuta >=1.4 shekara uku da suka wuce, jiya wani ya yi amfani da aikin da sai a 1.9 aka ƙara, gwaji ya wuce tunda injin sabuwar siga yake girkawa. Mai 1.5 shi zai gano. Maganin shi ne layin gwaji uku. Na farko da fayil ɗin kulle, a kan kowane canji, shi ne mai hana haɗewa in ya faɗi. Na biyu da mafi ƙanƙantar sigogi, manhajar girkawa ta uv tana da --resolution lowest-direct, Composer na PHP yana da --prefer-lowest. Na uku sau ɗaya a dare ko a mako, ba kulle, da --pre domin ya ɗauko har sigogin gwaji. Wannan na ukun kada ya hana aikin kowa, rahoto kawai zai buɗe.

A na ukun a kunna -W error::DeprecationWarning, domin gargaɗin cewa za a cire wani aiki ya zama kuskure. Python yana ɓoye irin wannan gargaɗin in ba daga babban fayil ɗin da aka kunna ya taso ba. url_quote ɗin da na ambata, tun Werkzeug 2.3 a Afrilun 2023 yake gargaɗi, wata biyar kafin a cire shi. soft_unicode ma ya yi gargaɗi a MarkupSafe 2.0.

Usman: Ƙari kan Dependabot da Renovate, masu sabunta sigogi da kansu: a saita su su taɓa fayil ɗin kulle kawai. In aka bar su suna ɗaga iyakar ƙasa duk mako, kun koma == ta bayan gida. Iyakar ƙasa ana ɗaga ta ne in kuna buƙatar sabon aiki, ko tsohuwar tana da ɓarakar da ta shafe ku, kuma a babbar siga, ba a sigar faci ba. A kuma sa jinkiri, Renovate yana da minimumReleaseAge, kwana uku zuwa bakwai ya isa. A Satumban 2025 da aka yaudari mai kula da chalk da debug aka saki gurɓatattun sigogi, cikin sa’o’i aka gano aka cire. Mai jinkirin kwana uku bai ma gan su ba. Facin tsaro kaɗai za a cire daga jinkirin.

Malam Garba: A fahimci iyakar kulle ma. --require-hashes da npm ci suna tabbatar da cewa fayil ɗin da ka sauko shi ne wanda ka kulle, ba su ce fayil ɗin na kirki ne ba. A manhajar matse fayil ta xz 5.6.0 da 5.6.1, ƙofar bayan da Andres Freund ya gano a Maris 2024, ɓangaren da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da aka saki ne, babu shi a ma’ajiyar git. Wanda ya karanta git kaɗai bai ga wannan ɓangaren ba. Don haka in za a sabunta abu mai muhimmanci, bambancin ƙunshin da aka wallafa za a karanta. Ku ma naku sakin ya fito daga injin gwaji ta Trusted Publishers, wanda PyPI ya kawo a 2023, ba daga kwamfutar mutum da mabuɗin da ba ya ƙarewa ba. Ayyukan GitHub Actions su ma abin dogaro ne, a ɗaure su da cikakkiyar lambar commit, domin ana iya matsar da tag, kamar yadda aka yi wa tj-actions/changed-files a Maris 2025.

Nura: Na fahimta. Saura biyu. In duk da haka yau sabuwar siga ta fito ta karya firamwok, me za a fara yi? Kuma in an gaji da laburare, ta yaya ake rabuwa da shi?

Malam Sani: Na farko, cikin sa’a guda a manna sanarwa mai ɗauke da ainihin saƙon kuskuren da layin da mutane za su ƙara a nasu jerin, domin saƙon za su nema a intanet. Sannan a tantance laifin wa ne. In kuskure ne daga wajensu, a kai musu rahoto da ɗan gajeren kod mai nuna matsalar, ku kuma ku saki sigar faci da !=2.5.0 kawai, ba <2.5 ba, don 2.5.1 ta samu shiga in sun gyara. Su ma suna iya yi wa sigar yank a PyPI, wato pip ya daina zaɓenta sai ga wanda ya nemi ta da == ƙarara, ba tare da an goge ta ba. In kuwa da gangan suka cire abin, gyaran naku ne: ku sa kod ɗin ya yi aiki da tsohuwar da sabuwar, ku saki faci a duk reshen da kuke goyon baya, har da na dogon zango.

Rabuwa kuwa a hankali ake yi. Dubi yadda Django ya bar pytz, laburaren lokutan yankuna, ya koma zoneinfo na cikin Python. A 3.2, Afrilun 2021, ya yarda a yi amfani da zoneinfo. A 4.0, Disamban 2021, zoneinfo ya zama na asali, aka bar saitin USE_DEPRECATED_PYTZ ga wanda bai shirya ba. Sai a 5.0, Disamban 2023, aka cire goyon bayan pytz gaba ɗaya. Abin da za a rubuta da manyan baƙi a bayanin sakin shi ne cewa laburaren ya daina zuwa tare da firamwok, domin akwai shafuka da yawa da ke shigo da shi kai tsaye ba su taɓa sa shi a nasu jerin ba, suna samunsa ne ta hanyarku.

Malama Rabi: Haka django.utils.six ya yi da aka cire shi a 3.0, ƙananan laburare da yawa na wasu da ke jingine da shi suka faɗi. Kafin cirewa, Nura, ka ɗauki ashirin ko talatin daga cikin ƙarin da aka fi girkawa a kan firamwok ɗin, ka bincika kod ɗinsu da grep ka ga su wa ke shigo da abin, ka buɗe musu rahoto tun gargaɗin yana sigarsa ta farko.